Ruwan azurfa: ka ji wannan kafin ka saya ko ka sha

 Yau maganarmu a kan wata 'yar na'ura ce da ake talla a intanet, wai da ita za ka haɗa ruwan azurfa a gida, maganin kowace cuta, ta mutum da ta dabba.

Na'urar ba wani abu ba ce: sanda biyu na azurfa zalla, a tsoma su cikin kofin tataccen ruwa, a jona da ƙananan batura, galibi uku masu bolt 9. Wutar ba ta da ƙarfi, amma tana gutsuro azurfa kaɗan-kaɗan daga sanda ɗaya zuwa cikin ruwan. To, a nan gizo ke saƙa. Na'urar ba ta gaya maka yawan azurfar da ta shiga. Zafin ruwa, daɗewar jonawa da tazarar sandunan duk suna canza shi. In ruwan rijiya ne mai gishiri, sai ya yi fari-fari, wani sinadarin daban ya fito. In kuwa zobe ko awarwaro ka sa, ai galibinsu gauraye suke da jan ƙarfe.

Gaskiya ne azurfa na kashe ƙwayoyin cuta a waje, shi ya sa asibiti ke da man shafawa mai azurfa don ƙuna. Amma shafawa daban, sha daban. Jikinka ba ya bukatar azurfa. Wadda ka sha tana taruwa a fata, rana ta mai da ita shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, kuma launin ba ya gushewa. Fuska da hannuwa sun fi kamuwa. Kai da kake yini a rana bayan shanu, sai ka auna.

A Amurka, inda tallar ta yi ƙarfi, wani ɗan siyasar jihar Montana, Stan Jones, ya soma haɗa nasa a gida a 1999 don tsoron ƙarancin magunguna, fatarsa ta sauya launi. A wannan shekarar ce hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta yanke cewa ba a tabbatar ruwan azurfa na warkarwa ba, ba a kuma tabbatar ba ya cutarwa ba. Ƙari a kan haka, yana rage shigar wasu magunguna cikin jiki, irin su tetarasaikilin.

Babbar asarar ita ce ɓata lokaci. Yaro na zazzaɓi, ko saniya ta kamu da sammore ko ciwon huhu, kana ɗura ruwan azurfa, kwana uku sun wuce, cuta na ƙara ci. Yaron ka kai shi asibiti a gwada jininsa, saniyar ka kira malamin dabbobi.

Kai kuma ɗan kasuwa, in aka ce ka saro na'urar ka tsallaka da ita, tuna cewa masu sayen kayanka sun san rumfarka. Ribar yini ɗaya ba ta kai amanar shekara goma ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ƙara lafiya, ya albarkaci garke da kasuwa.