Layin da ya cinye mini wata huɗu

Yau labarin ɗakin gwaje-gwaje na kawo muku, kuma da kuskurena zan buɗe.

Kun san mai da ruwa ba sa ga maciji. To jininmu galibi ruwa ne, amma dole kitse da kolestarol su yi tafiya a cikinsa. Sai jiki ya ɗure su a wasu ƴan ƙunshi, ya manna musu furotin. Ɗaya daga ciki sunansa ApoE. Shi ne kamar adireshin da ke jikin kaya, hanta ta gan shi sai ta karɓi ƙunshin. Kala uku aka fi sani, E2 da E3 da E4. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka nuna E4 na ƙara haɗarin cutar mantuwa ta Alzheimer, shi ya sa ake ta bibiyar sa.

To ta yaya za ka ga furotin ɗaya cikin dubbai? Da antibodi. Garkuwar jiki ce ke ƙera shi don ya cafke abu guda. Ana yi wa zomo allurar ApoE, jikinsa ya ƙera antibodi, a tace a sayar. A 1975 kuma Köhler da Milstein a Kambirij ta Ingila suka gano hanyar samar da antibodi iri ɗaya tak, har suka ci kyautar Nobel a 1984.

Ni dai na sayi nawa da tsada, na gwada a hantar ɓera. Layi ya fito raɗau a kusa da kilodalton 34, daidai nauyin ApoE. Murna ta cika ni. Wata huɗu ina tara sakamako.

Rannan malamata ta leƙo ta ce, "Ka gwada shi a ɓeran da ba shi da ApoE?" Na yi tsuru-tsuru. Tun 1992 ake da irin waɗannan ɓeraye da aka cire musu ƙwayar halittar ApoE gaba ɗaya. Idan antibodinka na gaskiya ne, a jikinsu bai kamata ka ga komai ba.

Na gwada. Layin nan ya sake fitowa, ko gezau. Ashe wani furotin daban yake kamawa mai kusan nauyi ɗaya. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ku duba fa, da na wallafa, wani zai ɗora bincikensa a kan nawa, kuɗi da shekaru su tafi a banza, masu jiran magani kuma suna can suna jira.

Don haka ɗalibai, kada rubutun jikin kwalba ya ruɗe ku. Kafin ku amince da antibodi, ku gwada shi inda furotin ɗin ba ya nan, ku rubuta lambar rukunin da kuka saya. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ya ba mu labari a ƙasa. Sai mako mai zuwa.