Baƙon Kirista a Makarfi: Ina Za a Yi Sujada?

Karatu a kwalejin kiwon lafiya da aikin gwamnati suna kawo Kiristoci baƙi Makarfi. Lahadin farko sai a fara tambayar majami'a.

Yawanci kowa ɗarikarsa ta gida yake nema: ECWA, Baptis, Katolika da ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Zariya, ko Angalika mai dayosis a Ikara. Ba laifi. Amma ni dai da harshe zan fara. A ƙauyukan yankin nan Hausawa Kiristoci ne ke cika benci, wa'azi da waƙa duk da Hausa. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya tambayi fasto ko akwai sujadar Turanci. Ya kuma lissafa kuɗin acaɓa, don da damina hanyar ƙauye sai a hankali.