Tekun da Ya Janye Ya Bar Mana Amana

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu, Dodoru

 



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba tsofaffin malaman makaranta dama su tofa albarkacin bakinsu. A bisa al'ada, abin da akan tattauna a irin wannan rana shi ne hanya da ruwan sha da asibiti da makaranta. Mu ma a can za mu ƙare, sai dai za mu biyo ta wata ƙofa da ba a saba bi ba, wato ta ƙarƙashin ƙasar da muke takawa kullum.

Jama'a, wannan yanki namu na Sakkwato da Kabi, wanda a yau muke kukan ƙarancin ruwansa, ya taɓa kasancewa a ƙarƙashin teku. Masana ilimin ƙasa da duwatsu sun tabbatar da cewa kimanin shekaru miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya kwararo daga arewa, ya ratsa inda Hamadar Sahara take a yau, ya bi ta ƙasashen Mali da Nijar har ya iso nan. Teku ne mai ɗumi, marar zurfi sosai, cike da kifaye da kadoji da kififfiya da katantanwa iri-iri. Ya zo ya janye, ya sake dawowa kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, sannan ya tafi tafiyar da bai komo ba. Duk lokacin da ya zo, sai ya shimfiɗa laka da yashi a ƙasansa, ya binne gawarwakin halittun da suka mutu a cikinsa. Da tafiya ta yi nisa, lakar ta daskare, ƙasusuwa da ɓawon halittun nan suka rikiɗe suka zama dutse, amma ba su rasa siffarsu ba.

Kada wani ya ɗauka wannan magana baƙuwa ce ga magabatanmu. Kusan shekaru 1000 da suka wuce, babban malamin nan Al-Biruni ya lura da irin ɓawon halittun ruwa da ake tonowa idan ana haƙa rijiyoyi a ƙasar Larabawa, ya kuma yi bayanin cewa wajen ya taɓa zama teku. Ibn Sina ma ya yi nazarin yadda laka da halittu ke komawa dutse. Duba ayoyin Ubangiji a bayan ƙasa aiki ne da malaman Musulunci suka daɗe da yi, kuma mu jikokin ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu bai kamata mu zama na baya a kansa ba.

To, ina shaidar wannan teku? Ba ta da nisa da mu. Arewa maso gabas da birnin Sakkwato, a tuddan Dukamaje da Gilbadi da Taloka ta ƙasar Goronyo, akwai wata shimfiɗar laka da masana ke kira shimfiɗar Dukamaje. A cikinta akwai wani siririn hawa da ƙasusuwa suka yi yawa har aka sa masa suna gadon ƙasusuwa. Idan damina ta wuce, ruwa ya zaizaye gefen tuddai, mai ido yakan tsinci haƙoran kifin shak, da gaɓoɓin ƙashin baya, da gutsattsarin ƙoƙon kififfiya kwance a fili. A garin Dange da ke kan hanyar Gusau, da kuma Wurno, akwai shimfiɗar da tekun ya bari a zuwansa na biyu, mai ɗauke da haƙoran kifi da ƙasusuwan kada, tare da ma'adinin fosfet da ake yin takin zamani da shi, da jifsam da ake sa wa siminti.

Sai kuma Kalambaina da ke daf da Sakkwato. Farin dutsen da ake fasawa a can ana yin siminti, wanda masana'antarsa ta soma aiki tun 1967, asalinsa tarin ɓawon katantanwa ne da ƙumba da sauran ƙananan halittun teku da suka taru bisa juna shekaru aru-aru. Wanda ya ɗauki guntun dutsen ya duba da kyau yakan ga zanen ɓawon a jikinsa ƙarara. Ashe ke nan duk ajin da wannan ƙungiya ta gina da simintin Sakkwato, da abin da teku ya bari aka gina shi, ko da yake ɗaliban da ke zaune a ciki galibinsu ba su taɓa ganin teku ba.

Yanzu bari mu ji su wa suka yi farautar wannan dukiya. Tun zamanin mulkin Turawa, ma'aikatan hukumar binciken ƙasa, wadda aka kafa a 1919, suka riƙa tattara ƙasusuwa daga lardin Sakkwato suna aikawa Ingila. A 1930 wani masani mai suna Swinton, na gidan tarihin halittu da ke Landan, ya wallafa bayaninsu. A ciki ya bayyana wata ƙatuwar dabbar teku, dangin guza da damo, mai ƙafafu kamar filafilin kwalekwale, da kuma wani kada da ya raɗa wa suna Wurnosaurus saboda garin Wurno. A 1934 wani masanin mai suna White ya wallafa littafi guda a kan kifayen lardin Sakkwato da suka zama dutse. Bayan samun 'yancin kai, wajen shekarar 1970, ayarin masana daga Jami'ar Fulorans ta ƙasar Italiya, ƙarƙashin Farfesa Azzaroli, suka yi tono a ƙasar Goronyo, suka dace da ƙoƙon kan waccan dabba mai dogon baki irin na kada. Da suka ga ta bambanta da danginta na sauran duniya, a 1972 suka ba ta sabon suna, Goronyosaurus. A 1975 kuma wani Baturen Ingila mai suna Halstead ya bayyana wani kadan teku ya kira shi Sokotosuchus. Daga cikin 'yan ƙasa, Farfesa Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi shekaru yana nazarin waɗannan shimfiɗu, ya kuma bar rubuce-rubucen da ɗalibai ke amfani da su har yau.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Mai neman irin waɗannan ƙasusuwa yakan fita da rani, ya bi kwazazzabai da gefen tuddai a ƙafa, kansa a sunkuye. Idan ya hangi bakin ƙashi ya leƙo, ba ya fizgo shi. Sai ya rubuta wurin da hawan da ya same shi, ya ɗauki hoto, sannan ya riƙa share ƙasar da ke kewaye da ƙaramar guduma da buroshi. In ƙashin mai girma ne, a naɗe shi da filasta irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti, a ɗauke shi tare da ƙasarsa. Ƙananan haƙora kuwa da rariya ake tankaɗe su daga cikin yashi. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, ƙashin da ba a san inda aka ciro shi ba tamkar wasiƙa ce da aka yage kanta: ana iya karanta ta, amma ba a san wanda ya aiko ta ba, balle ranar da aka rubuta ta.

Abin da ya kamata ya taɓa zukatanmu shi ne, sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan jami'o'in duniya, ƙasusuwan kuma suna ajiye a Landan da Fulorans, alhali yaron da ke kiwon awaki a kan tudun da aka tono su bai taɓa jin labarin ba. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Maƙwabtanmu na Nijar sun baje ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadarsu a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, 'yan makaranta na zuwa suna gani da idonsu. Masar ta killace wani kwari a yankin Fayyum mai suna Wadil Hitan, inda ƙasusuwan manyan dabbobin teku ke kwance cikin rairayi, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, baƙi na biyan kuɗi su shiga. Mu kuwa namu na nan ruwa na wanke shi duk damina.

Wataƙila wani ya ce, duk wannan labarin Goronyo ne da Wurno, ina ruwan Dodoru? Ruwanta kuwa shi ne babba. Bayan da teku ya janye, koguna da tafkuna suka mamaye yankin, suka jibge yashi da yumɓu masu kauri a bisa abin da tekun ya bari. Wannan shimfiɗa ta sama ita ce masana a duk duniya ke kira shimfiɗar Gwandu, da sunan masarautarmu. Tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da marmara a bisansu, waɗanda muke gani a hanyoyinmu, nata ne. Shimfiɗun tekun da suka fito fili a Dange da Kalambaina sun ɗan karkata ne suka nutse ƙarƙashinta ta wajen yamma. Saboda haka manominmu ba zai cika tsintar haƙorin kifi a gonarsa ba, domin namu rabon yana can ƙasa.

A nan ne maganar ta haɗu da ruwan sha. Yashin shimfiɗar Gwandu yana daga cikin manyan ma'ajiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki. Yumɓun da ke sama da ƙasa da shi ya tsare ruwan kamar tulu mai murfi, shi ya sa a wasu wurare masu kwari na wajen Argungu da Birnin Kabi aka haƙa rijiyoyin burtsatse ruwa ya riƙa bulbulowa da kansa ba tare da famfo ba. Rahoton da masana biyu na Amurka, Anderson da Ogilbee, suka fitar a 1973 ya yi bayanin haka dalla-dalla. Mai haƙan da ya san shimfiɗu ya san lokacin da ya iso yashi mai ruwa, ya kuma san cewa idan bakin injinsa ya fara fito da baƙar laka da farin dutse mai ɓawon katantanwa, to ya wuce shimfiɗar Gwandu ya shiga ta teku. Wanda bai sani ba kuwa lalube yake yi cikin duhu, kuma da kuɗin gudummawarku yake yin laluben. Kowa a nan ya san garin da aka kashe dukiya aka haƙa rijiya, aka yi bikin buɗewa, kafin shekara ta zagayo ta ƙafe.

Saboda haka muke miƙa wa wannan ƙungiya shawarwari guda huɗu.

Na farko, cikin tallafin karatun da ƙungiya ke bayarwa, a keɓe gurbi ko da ɗaya ne ga yaro ko yarinyar da za ta karanci ilimin ƙasa da duwatsu. Ana koyar da shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Likita da lauya suna da amfani, amma garin da ke shan ruwan rijiya yana bukatar ɗansa da ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Na biyu, duk rijiyar burtsatsen da za a haƙa da kuɗin ƙungiya, a sa cikin yarjejeniya cewa ɗan kwangila zai ba da rubutaccen bayanin irin ƙasar da ya ratsa da zurfin kowace, ya kuma ɗebi samfurinta a kwalabe masu lamba. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma shi zai zama jagora ga rijiyar da za ta biyo baya.

Na uku, a riƙa ɗaukar nauyin ziyarar ɗalibanmu da malamansu sau ɗaya a shekara, da rani, zuwa Dange ko Wurno ko Taloka, bisa izinin hakimai da jagorancin malaman jami'a. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai an koya mana cewa gani ya kori ji. Yaron da ya riƙe haƙorin kifin teku a tafin hannunsa a tsakiyar ƙasar Hausa ba zai sake raina darasin kimiyya ba. A tanadi kabad guda a makarantarmu ta firamare inda za a ajiye samfuran rijiyoyi da abin da malaman jami'a suka yarda a kawo gida.

Na huɗu, a wayar da kan masu haƙar rijiya da masu fasa dutse da makiyaya cewa duk wanda ya ci karo da ƙashi ko ɓawon da ya zama dutse, kada ya farfasa shi, kada kuma ya sayar wa baƙon da zai tsallaka iyaka da shi. Ya ɗauki hotonsa da waya a inda yake, ya sanar da mai gari, mai gari kuma ya sanar da jami'a mafi kusa. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi nan a Kalgo, a bakin ƙofarmu.

'Yan'uwa mazauna birane, ku ne kuke da albashi da sanayya da bakin magana a ofisoshi. Mu da ke gida muna da ƙasar da yaran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baƙi sun tako daga Ingila da Italiya, suka sha rana da ƙishirwa domin su karanta abin da Allah ya ajiye a ƙasarmu. Fatanmu shi ne ayarin da zai fita tono nan gaba ya kasance da ɗan Dodoru a gabansa, abin da aka samo kuma ya zauna inda jikokinmu za su gan shi ba sai sun nemi biza ba.

Allah ya albarkaci wannan ƙungiya, ya ƙara haɗa kawunanmu, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.