Jawabin Kwamitin Lafiya: Wayar Salula da Hawan Jini

Iyayenmu da suka kafa Ikkilisiyar nan da ƙafa suke kai saƙo daga Sabon Gari zuwa Fagge. Mu kuwa, tun shigowar salula a 2001, waya ba ta barin kunnenmu, balle 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari. Wani bincike na 2023 kan mutum 212,046 a Birtaniya ya nuna masu hira a waya minti 30 ko fiye a mako sun ɗara saura haɗarin hawan jini da kashi 12 cikin ɗari. Bai ce waya kaɗai ce sanadi ba. Amma hawan jini ba ya sallama, mun kuwa binne dattawa da ba su taɓa awo ba. Wanda awonsa ya kai 140/90 ya ga likita. Ma'aikatan jinyarmu za su auna kowa kyauta bayan sujada.