IGIYAR TSALLE: AWONTA DA AJIYARTA

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan asalin yankin Dangora)



 Maganarmu ta yau a kan igiya ce, watau igiyar tsalle wadda ake motsa jiki da ita: yadda mutum zai auna wadda ta dace da shi, da yadda zai adana ta. Abu ne ƙarami a ido, amma lafiyarmu ce a ɗaure a jikinsa, kuma Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Daga Gona Zuwa Kujera

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kiru, ko Bebeji, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya san iyayenmu ba su taɓa keɓe wani lokaci domin motsa jiki ba, saboda sana'arsu ta ɗauke musu wannan nauyi. Mai shinkafa a Tudun Wada, da mai masara a Doguwa, da mai noman rani da ruwan madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974, kowannensu yana zubar da gumi tun daga sharar gona har zuwa ɗaurin dami. Iyayenmu mata kuwa ga daka, ga surfe, ga jan ruwa a rijiya.

Mu da Allah Ya nufa da karatun zamani, rayuwarmu ta sake kama. Ɗalibi yana wuni a zaune, daga ɗakin lacca zuwa ɗakin karatu. Ma'aikaci yana hawa babur ko mota daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar ofis, ya zauna a kujera har la'asar, da dare kuma ga wayar hannu. Tuwon da muke ci irin na manomi ne, amma aikin da muke yi na akawu ne. Daga nan ne tumbi ke somawa, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya.

Masana sun daɗe da gane wannan. A 1953 wani likitan Birtaniya, Dakta Jeremy Morris, tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Sun tarar cewa direbobi, waɗanda ke wuni a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya bisa ga kwandastoci, waɗanda ke wuni suna hawa da saukar matakala. Haka kuma suka gani tsakanin masu yawon raba wasiƙu da ma'aikatan da ke zaune a ofis. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. A 2024 kuma ta bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba su cika wannan ƙa'ida ba.

Dalilin Zaɓen Igiya

Tsallen igiya yana cikin motsa jiki mai tsanani. Wanda ya riƙe minti 15 a rana, kwana biyar a mako, ya cika minti 75 ɗin nan ke nan. Ba ya bukatar fili, ko abokan wasa, ko kuɗin shiga wani kulob. Bayan ɗakin kwanan ɗalibai ya isa, tsakar gida ta isa, kuma 'yan'uwanmu mata suna iya yinsa cikin sutura da sirri ba tare da sun fita waje ba. 'Yan damben zamani a ko'ina cikin duniya sun riƙe shi a cikin horonsu na kullum, domin yana ƙara numfashi da saurin ƙafa.

To amma da yawa sukan sayi igiya da zumuɗi, su gwada kwana biyu, ta yi ta harɗe musu ƙafa, sai su jefar su ce ba su iya ba. Sau da yawa laifin na igiyar ne, domin ba a auna ta da jikin mai ita ba.

Awon Igiya

Idan igiya ta yi tsawo fiye da kima, sai ta riƙa dukan ƙasa can gaba da mai tsalle, ta yi tsalle ita ma, ta zo ta bugi yatsunsa. Domin ya rage mata tsawo sai ya buɗe hannuwansa, ya dinga juya ta da kafaɗa, kafin minti ɗaya kafaɗun sun gaji. Idan kuwa ta gajarta, sai ta riƙa shafar kansa, ko ta kama dunduniyarsa, shi kuma ya duƙa, ya dinga ɗaga ƙafa sama fiye da yadda ya kamata, nauyin ya koma kan gwiwa da baya. Daidai ruwa daidai tsaki, haka abin yake.

Hanya ta farko ta awo ita ce a taka tsakiyar igiya da ƙafa ɗaya, a miƙe sosai, a jawo mariƙanta biyu sama a jikin ƙirji. Ga mai koyo, bakin mariƙan ya kai hammata. In ya zarce kafaɗa ta yi tsawo. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya rage ta zuwa tsakiyar ƙirji, domin gajeriyar igiya ta fi saurin juyawa, sai dai ba ta yafe kuskure.

Hanya ta biyu ta lissafi ce: mutum ya ƙara santimita 90, watau ƙafa uku, a kan tsayinsa. Mai tsayin mita 1.70 zai nemi igiya mai kimanin mita 2.60. Igiyoyin kanti, irin waɗanda ake samu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, yawanci da ƙafa ake ƙidaya su: mai ƙafa 7 ta yara ce, mai ƙafa 8 ta gajeren mutum, mai ƙafa 9 ta matsakaici, mai ƙafa 10 kuwa ta dogo wanda ya kai mita 1.80 ko fiye.

Hanya ta uku ita ce wadda muke so kowa ya tafi da ita gida, domin ba ta bukatar tef ɗin tela. Kakanninmu da gaba da kamu suke auna igiya da sawaye. Gaba ita ce tsawon da ke tsakanin yatsun hannu biyu idan an miƙe su gefe da gefe, kuma gabar mutum kusan daidai take da tsayinsa. Kamu kuwa daga gwiwar hannu ne zuwa kan dogon yatsa, wanda ga baligi ya kai kimanin santimita 45. Saboda haka gaba ɗaya da kamu biyu, da hannun mai igiyar, shi ne tsayinsa da ƙarin santimita 90 ɗin nan. Dogo zai sami doguwa, yaro zai sami gajeriya, kowa ma'auninsa yana jikinsa. Wannan ne ya sa igiyar aro ba ta cika yi wa mutum daɗi ba.

Bayan awo sai gwaji. A lokacin tsalle gwiwoyin hannu su kasance kusa da haƙarƙari, hannuwa daidai ƙugu, wuyan hannu ne kaɗai ke juyawa. Igiyar ta wuce saman kai da ɗani ɗaya ko biyu, ta ɗan shafi ƙasa dab da yatsun ƙafa. In ta yi tsawo kada a yi gaggawar yankewa. A ƙulla ƙulli ɗaya ko biyu kusa da mariƙi, a yi mako guda ana gwadawa, sa'an nan a yanke. Wadda aka yanke ta gajarta, sai dai a ba ƙane.

Irin Igiyar

Ba lalle ne sai ta kanti ba. Ƙasarmu ƙasar rama ce, kuma har yanzu akwai dattawa a ƙauyukanmu da suka iya tufka. Igiyar rama mai kaurin ƙaramin yatsa, wadda aka tufke da kyau, tana da nauyin da mai koyo zai ji zagayowarta a hannunsa, wannan kuwa shi ke koya wa ƙafa lokacin tashi. Igiyar kaba ta cika kaushi da tauri, siririn zare kuma iska ke ɗaukarsa. Mariƙi ana iya yinsa da guntun gora ko guntun bututun roba mai tsawon ɗani ɗaya, a zura igiyar a ciki, a ƙulle bakinta, yadda za ta riƙa juyawa a sake. Ta roba mai kaurin milimita 4 zuwa 5 ita ma tana da kyau ga kowa. Ta waya wadda aka lulluɓe da roba ta gwanaye ce, bulalarta da zafi, kuma daɓen siminti mai kaushi yana cinye ta nan da nan.

Ajiyar Igiya

Ajiya maganin wata rana. Manomi ba ya barin igiyar gugarsa a bakin rijiya ta kwana cikin laka, yakan naɗe ta ya rataye. Igiyar tsalle ma haka take so, kuma kowace iri da abokan gabanta.

Igiyar rama babban abokin gabanta danshi ne. Yankinmu na kudancin Jihar Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, musamman wajen Doguwa da dajin Falgore, saboda haka da damina igiyar da aka yar a ƙasa takan yi fumfuna ta ruɓe daga ciki, ranar da aka ɗauko ta sai ta tsinke. Ga gara, ga ɓera, ga akuya. In ta jiƙe a shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ta bushe sarai kafin a rataye.

Ta roba kuwa rana ce ke kashe ta. Hasken rana yana busar da roba har ta riƙa tsattsagewa, don haka kada a bar ta a kan katanga, ko bakin taga, ko cikin but ɗin mota da bazara. Har ila yau roba tana riƙe duk lanƙwasar da aka bar ta a ciki. Wanda ya nannaɗe ta tam a jikin mariƙanta ya cusa a jaka, gobe zai same ta a kanannaɗe, ba za ta zagaya sumul ba. Da hunturu abin ya fi muni, domin sanyi yana ƙara mata tauri. Maganinsa a tsoma igiyar, ban da mariƙan, cikin ruwan ɗumi na 'yan mintoci, a miƙe ta, a rataye. Ta waya in ta karye a wuri ɗaya ba ta komawa daidai.

Ƙa'idar ajiya ga dukkansu ɗaya ce. A kakkaɓe ƙura, a goge gumi daga mariƙai, a rataya tsakiyar igiyar a kan maratayi mai kauri, mariƙan suna reto ƙasa, nauyinsu yana miƙar da ita. Siririyar ƙusa tana barin lanƙwasa a daidai wurin da ke taɓa ƙasa, gara a sa mata guntun tiyo. In tafiya ta kama, a naɗe ta a sake, da faɗin faifai. Sa'an nan a rataye ta can sama inda hannun ƙananan yara ba ya kaiwa, domin igiya mai reto tana iya shaƙe yaro cikin wasa.

Ga waɗanda ke koyarwa a cikinmu, ko za su koyar, muna ba da shawara a ware igiyoyin makaranta bisa tsawonsu, a ɗaura wa kowane rukuni zare mai launi dabam, kowane rukuni da maratayinsa. In aka zuba su cikin kwali ɗaya, rabin lokacin wasa zai tafi wajen warware su, yaro kuma ya ɗauki wadda ba tasa ba.

Somawa da Hattara

Sannu sannu ba ta hana zuwa. Mai koyo ya fara da daƙiƙa 30 na tsalle, ya huta 30, ya maimaita har minti biyar, ya riƙa ƙarawa mako mako. A sa takalmin wasa, a dira a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada tashin ya wuce abin da igiya za ta bi ta ƙarƙashi. Daɓen ƙasa mai laushi ya fi siminti sauƙi ga gwiwa, ya kuma fi raya igiya. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, da azumi kuwa sai an sha ruwa an huta. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko na gwiwa, da mai ƙiba sosai, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita tukuna. Duk wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya tsaya nan take, ya je asibiti.

Kammalawa

'Yan'uwa, iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi domin mu yi karatu, suna sa ran mu daɗe muna amfanar su da ƙasarmu. Ma'aikacin da ciwo ya kwantar yana ɗan shekara 45, asara ce ga gidansu da garinsu, kuma rigakafi ya fi magani. Roƙonmu guda uku ne. Kowa ya auna igiyarsa, gaba ɗaya da kamu biyu, kafin wannan zango ya ƙare. Kowa ya kafa mata maratayi a ɗakinsa inda idonsa zai riƙa faɗawa a kanta kullum safiya. In kuma mun sauka a Kwanar Dangora da hutu, kowa ya nemi mai tufka a garinsu, ya sa a yi wa ƙannensa nasu, ya auna wa kowane da hannunsa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gama karatu da aiki lafiya.