Rafin Jakara da Magangararsa: Darasi ga Mutanen Ɗambatta



Na san wasu za su yi mamakin yadda na zo Ɗambatta, ƙasar noma, in yi magana a kan rafin da ke ratsa tsakiyar birnin Kano. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin a ganina labarin Jakara ya shafe mu.

Da farko, mece ce magangara? A ilmin labarin ƙasa, magangarar kogi ita ce dukkan ƙasar da idan ruwan sama ya sauka a kanta, cikin wannan kogi zai gangara. Tudu shi ke raba wata magangara da wata. Birnin Kano kansa a kan irin wannan tudu yake. Ruwan da ya sauka a kudancinsa yakan bi ta kogin Chalawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗejiya. Wanda kuwa ya sauka a tsohon birni da Fagge da Sabon Gari, galibinsa Jakara yake nufa.

Jakara ba baƙo ba ne a tarihinmu. Littafin Tarihin Kano ya ambaci kurminsa tun zamanin mutanen Dala, kuma a bakinsa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Clapperton a 1824 da Barth a 1851 duk sun tarar da fadamarsa ta raba birnin gida biyu. Daga cikin ganuwa rafin yakan nufi arewa maso gabas, ya wuce Fagge da Kwakwaci, rafin Getsi da ya fito daga wajen masana'antun Bompai ya faɗo cikinsa, sa'an nan su tafi tare zuwa dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir, wanda aka gina a 1976.

To, ga inda matsalar take. Damina a ƙasar Kano watanni huɗu ce zuwa biyar, saboda haka a bisa ɗabi'a Jakara ya kamata ya ƙafe da rani. Amma ba ya ƙafewa. Ruwan da ke gudu cikinsa a watan Maris ruwan kwatamin gidaje ne, da na mayanka, da na masana'antu. Da wannan ruwa manoman rani ke ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji a bakin rafin, kuma a Wasai masunta ke kamun kifi. Kayan nan kasuwa ake kai su, wanda ya saya ba ya tambayar inda aka noma. Abin da birni ya zubar da safe, shi yake komowa cikin kwanonsa da dare.

Matsala ta biyu ita ce ambaliya. A da, kududdufan birni su ke riƙe ruwan sama, su sake shi sannu a hankali. Da aka yi ta cike su ana gini a kai, aka kuma shafe filaye da siminti da kwalta, sai ruwan ya rasa wurin tsayawa da wurin nutsewa, ya taho gaba ɗaya cikin hanyar da shara ta riga ta toshe. A mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an soma aikin rufe wani sashe na rafin da shimfiɗa titi a kansa. Rufewa tana kawar da ƙazanta daga ido, amma ba ta tsarkake ruwan da zai isa Wasai.

Ina ruwan Ɗambatta? Mu ma muna da namu, wato kogin Tomas da dam ɗinsa, ɗaya daga cikin madatsun da aka gina a shekarun 1970 bisa shirin da Gwamna Audu Baƙo ya faro. Tomas da Jakara maƙwabta ne, duka suna cikin babbar magangarar Tafkin Chadi. Ƙasarmu tana kusa da inda dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa yake ƙarewa, rairayin kwarin Chadi ya soma. A cikin rairayi ruwan kogi yakan nutse, ya zama ruwan rijiyar mutanen da ke gaba da mu. Garinmu kuwa girma yake yi, gonaki suna zama filayen gini. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina kira gare ku da abubuwa uku. Ɗalibai, ku bi hanyoyin ruwan garinku da ƙafa a farkon damina, ku zana taswirarsu, ku tambayi dattawa inda ruwa yake bi a da. Ma'aikata, musamman na ofishin filaye da na ƙaramar hukuma, kada ku sa hannu a takardar fili da ke kan hanyar ruwa ko cikin kududdufi, ko da mai neman ɗan'uwanku ne. Jama'a kuma a ware wurin zuba shara nesa da kwari.

Gyaran rafin da ya lalace yana cin kuɗi da shekaru, kiyaye wanda bai lalace ba kuwa sa-ido kawai yake bukata. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.