Ƙanƙarar Zoɓo: Abin Sanyaya Rai a Bazara

Jama'a masu saurare, ƴan makarantar yaƙi da jahilci na Tasawa da Mayahi. Zancenmu na yau a kan yakuwa ne.

Kun san bazara a ƙasarmu. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Yara su dame ku da roƙon kuɗin ƙanƙara. Amma ba kullum kuka san ruwan da aka yi ta da shi ba. To, kuna iya yin taku a gida.

Yakuwa ba baƙuwa ba ce. Daga Maijirgi zuwa Kanambakashe ana shuka ta a gefen gonar hatsi. Ganyenta na miya ne. Ƴaƴanta, watau gurguzu, na daudawa ne. In furenta ya faɗi, kwanson da ke riƙe da shi yakan yi kauri. Na jar yakuwa shi ake ɓarewa da kaka a shanya. Shi ne zoɓo, ko zoɓorodo. Mutanen Senegal suna ce masa bisap, na Sudan da Masar kuma karkade.

Ga abin da za ku tanada:

Ruwa lita 1.
Busasshen zoɓo, cikin hannu 2, kamar giram 50.
Sukari giram 200.
Ƴar citta, da kanumfari 3.
Lemun tsami 1.

Ga yadda ake yi. Ku fara wanke hannu da sabulu. Ku ɗauraye zoɓon, ƙasa ta fita. Ku zuba shi cikin ruwa tare da citta da kanumfari, ya tafasa minti 10. Ku sauke, ku rufe, ya jiƙa minti 15. Ku tace da ƙyalle mai tsabta. Ku sa sukari tun da zafi don ya narke. In ya huce, ku matsa lemun tsami. Kada ya kwana cikin tukunyar ƙarfe, don tsaminsa yana cin ƙarfe.

Sai ku juye cikin kwano mai marfi, ku sa a wurin daskarewa na firiji. Kowane rabin awa ku fito da shi, ku motsa da cokali, ku mayar. Bayan awa 4 ko 5 ya yi. Me ya sa ake motsawa? Don a farfasa ƙanƙarar tun tana ƙanana. In ba a motsa ba, sai ta zama dutse. Sukari ma yana sa ta laushi. In ya yi kaɗan ta yi tauri, in ya yi yawa ta ƙi daskarewa.

Wanda ba shi da firiji fa? Akwai dabara. Ya sayo ƙanƙara ya farfasa cikin babban kwano. Ya zuba gishiri, awo 1 ga awo 3 na ƙanƙara. Gishiri yana sa sanyinta ya ƙaru. Ya sa zoɓo kaɗan cikin ƙaramin kwanon sha, ya dasa shi tsakiya, ya riƙa juyawa. Cikin kamar rabin awa zai kama. Ƙanƙarar saye ta tsaya a waje, kada ta taɓa zoɓon.

Yanzu ku buɗe kunne da kyau. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Tafasa ita ke kashe su. A shekarar 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Madarumfa, ta bazu cikin jihar Maradi. Hanyarta ita ce ruwa mai ƙazanta da hannu mai dauɗa. Saboda haka kada ku ƙara ɗanyen ruwa bayan tafasa. In wuta ta ɗauke, zoɓo ya narke ya daɗe a haka, kada ku sake daskarar da shi ku ba yara. Rigakafi ya fi magani.

Zoɓo yana rage hawan jini. Mai shan maganin hawan jini, da mace mai ciki, su fara tambayar likita. Mai ciwon sukari kuma ya yi hattara.

Abu na ƙarshe, leda. A shekarar 2014 Nijar ta yi dokar hana ledoji marasa kauri. Leda tana ɓata gona, tana kashe awaki in sun ci. Ku ba yara a kofi, ku wanke, ku sake aiki da shi.

Ga aikin gida. Ku rubuta kayan nan 6 cikin littafinku. Sannan ku yi lissafi: in lita 1 tana cin sukari giram 200, lita 3 fa? Ku kai wa malaminku amsa.

Sai mako mai zuwa. Allah ya kai mu lafiya.